Babi na Bakwai: Kwamfuta Ta Tashi, Amma Ta Hana Ni Shiga

"Me ya sa kwamfutata ta daina karɓar kalmar sirrina tun da aka sauya mata faifai?" Duk wanda ya zauna shagon gyaran kwamfuta, ko da na 'yan kwanaki ne, zai ji wannan tambayar. Mutum ya gaji da nauyin jikin tsohon faifansa mai juyawa, ya tara kuɗi ya sayi SSD, an kwashe masa babbar manhaja da duk kayansa zuwa sabon faifai kamar yadda muka nuna a babin da ya gabata. An kunna, kan ka ce kwabo ta tashi. Ga sunansa, ga hotonsa, ga gurbin rubuta kalmar sirri. Ya rubuta kalmar da ya yi shekaru yana rubutawa, fuskar kwamfutar ta yi baƙi na ɗan lokaci, sai ta maido shi inda ya taso. Ya sake, ta sake maido shi.

Amsar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce: "Sai an yi mata formatin." Wannan amsa tana ba ni takaici, domin a mafi yawan lokuta kalmar sirrin lafiyarta ƙalau, kayan mutum kuma suna nan daram. Wani ɗan ƙaramin abu ne ya goce a wajen ƙaura, kuma yadda kwamfutar ta ƙi shi ne yake nuna inda ya goce.

Abin da ke faruwa bayan ka danna Enter

Ka ɗauka kana zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, sai aka kwashe duk mutanen gidan aka mayar da su sabon gini. Da ka dawo da dare, maigadi zai fara duba fuskarka ya tabbatar sunanka yana cikin littafinsa. Bayan nan sai ka nemi ɗakinka, wanda dole ya kasance a inda aka ce yake. Sai makullinka ya buɗe ƙofar. Sai a samu wurin da za ka ajiye jakarka a ciki. Sannan akwai tsakar gida da kowa ke da damar amfani da ita. Maigadi yana iya gane ka sarai ya bar ka ka wuce, amma ka tarar an rubuta sunan mai gida a ƙofar ɗakinka an garƙame, dole ka juyo bakin ƙofa. Wanda ke kallonka daga waje zai zaci maigadi ne ya kore ka.

Haka shiga kwamfuta yake. Tantance kalmar sirri mataki ne na farko kawai. Bayansa babbar manhaja za ta nemo foldarka, ta duba ko kai ke da ita, ta rubuta wasu ƙananan fayiloli a ciki, ta ɗauko saituttukanka, sannan ta shimfiɗa maka fuskar aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya faskara, sai ta koma da kai baya, sau da yawa ba tare da ta ce uffan ba.

Don haka ka natsu ka kalli abin da take yi. In ta fito ƙarara ta ce kalmar sirri ba daidai ba ce, maganar tana wajen maigadi. In ta yi shiru ta karɓa, ta yi baƙi ta dawo, an gane ka, matsalar tana cikin gida. In kuwa ta shigar da kai amma ka tarar da fuskar aiki wayam kamar sabuwar kwamfuta, an kai ka wani ɗaki ne da ba naka ba. Akwai gwaji mai sauƙi: rubuta kalmar sirri ta ƙarya da gangan. In abin da ta yi ya bambanta da wanda take yi wa ta gaskiya, ka samu tabbacin cewa ta gaskiyar tana wucewa.

Abu biyu kafin ka taɓa komai

Na farko, tsohon faifan nan kada a goge shi, kada a sayar, kada a mayar da shi ma'ajiyar finafinai tukuna. Cire shi daga kwamfutar ka adana. Muddin yana nan, duk kuskuren da aka yi a kan sabon ana iya warware shi. Cire shi ma kansa magani ne, kamar yadda za mu gani, domin matsaloli da dama daga haɗuwar faifan biyu a kwamfuta ɗaya suke tasowa.

Na biyu, kada ka yi gaggawar sa a fasa maka kalmar sirri da manhajojin da ake ɗorawa a filashi. A Windows, fayilolin da aka kulle da tsarin EFS da kalmomin sirrin da ta adana maka suna rataye ne da tsohuwar kalmarka, in aka sauya ta da ƙarfi sai su ƙi buɗuwa. A Ubuntu ma, waɗanda suka zaɓi kulle foldarsu tun lokacin da ake bayar da wannan zaɓi wajen ɗora manhajar, wato kafin fitowar 18.04, mabuɗin foldar yana naɗe ne cikin tsohuwar kalmar. Sauya ta ta bayan gida yana ƙara ƙulli a kan ƙulli.

Idan ta ce kalmar ba daidai ba ce

Fara da kibod. Wani lokaci bayan ƙaura ko gyara, fuskar shiga tana komawa wani tsarin kibod daban da wanda ka saba. Wannan ya fi shafar masu karatu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, inda kibod ɗin Faransa mai tsarin AZERTY ya yawaita. A wannan tsari A da Q sun yi musanyar wuri, Z da W ma haka, M ya ƙaura, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Kai kana ganin kana rubuta kalmarka, kwamfuta kuwa wata kalma daban take karɓa. Ko tsakanin kibod ɗin Amurka da na Ingila akwai saɓani a wurin alamar @. Danna ɗan hoton idon da ke gefen gurbin ka ga abin da kake rubutawa, ko ka gwada rubuta kalmar a gurbin suna inda haruffa ke fitowa fili. Ka kuma duba Caps Lock da Num Lock.

Linux: shiga ta ƙofar baya

Masu amfani da Linux suna da wani gata. Ko fuskar shiga mai hoto ta ƙi, akwai ta rubutu zalla. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, za ka ga baƙin allo yana tambayar suna da kalmar sirri. In ka shiga ta nan, an gama maganar kalmar sirri, saura neman abin da ya tsaya a hanya. Umarnin journalctl -b zai nuna maka duk abin da ya faru tun da aka kunna kwamfutar, kuma layukan ƙarshe su ne suka shafi yunƙurinka na shiga.

Ka fara da abu mafi sauƙi, wato cikar faifai. Rubuta df -h ka duba. Sau da yawa mutum yana barin tsohon faifai mai girma ne ya koma SSD ƙarami saboda tsada, sai kayan su cika shi maƙil. Tsarin ext4 yana ware kashi 5 cikin 100 na wuri ga root, wato babban mai iko na kwamfutar, shi ya sa manhajar ke iya tashi lafiya, amma kai talaka ba ka da inda za ka rubuta ko da harafi ɗaya. In ka ga kashi 100, goge wasu manyan fayiloli da ka san suna nan a tsohon faifai, ka sake gwadawa.

Sai ka duba ko foldarka tana nan. Akwai fayil mai suna /etc/fstab wanda ke gaya wa Linux yankin faifan da za ta ɗora a kowane wuri, kuma yana kiran yankunan ne da wata doguwar lambar shaida da ake cewa UUID. In an yanka sababbin yankuna a sabon faifai sannan aka kwashe fayiloli ciki, lambobinsu sababbi ne, amma fstab yana nan yana kiran tsofaffin. Yawanci kwamfutar za ta yi jiran daƙiƙa 90 tana neman yankin da babu, sannan ta faɗa yanayin gaggawa. Wani lokaci kuma ta wuce ta bar /home babu komai, ka zo shiga ka rasa ɗaki. Umarnin blkid zai nuna lambobin gaskiya, sai ka kwatanta su da na cikin fstab ka gyara. In kuwa kulonin, wato kwafin faifan ɗungurungum, aka yi da Clonezilla ko dd, akasin haka ne ke faruwa: yankunan tsoho da sabo lambarsu ɗaya, kuma in duk suna jone Linux na iya ɗaukar ko wanne. Kana iya yin sati kana aiki a kan tsohon faifai kana zaton sabo ne.

Inda gizo ke saƙar

Babban abin da ke lalacewa a ƙaurar Linux shi ne mallaka da izini, kuma ya cancanci mu daɗe a kansa. Tun zamanin Unix a shekarun 1970, kowane fayil yana ɗauke da bayanin mai shi, da rukuninsa, da wanda aka yarda ya karanta, ya rubuta, ko ya gudanar da shi. Wannan bayani a jikin tsarin faifan yake, ba a cikin fayil ɗin ba. Saboda haka ana iya kwashe fayil lafiya lau a bar bayaninsa a baya.

Haka ke faruwa idan aka yi kwafi da cp -r a matsayin root. Komai zai iso, amma komai ya zama mallakar root, har da foldarka. Haka ma idan aka fara zuba kayan a filashi ko faifan waje mai tsarin FAT32 ko exFAT, domin waɗannan tsare-tsare ba su san wani abu wai shi mai fayil ba. Da ka zo shiga, manhajar da ke shimfiɗa fuskar aiki za ta so rubuta ƙananan fayiloli a foldarka, irin su .Xauthority, da sunanka. A hana ta, ta mutu nan take, a maido ka bakin ƙofa. Wannan ne asalin yawancin zagayen da mutane ke kuka da shi.

Rubuta ls -ld /home/sunanka ka gani. In ka ga root a inda sunanka ya kamata ya fito, gyaran layi ɗaya ne, a matsayin root: chown -R sunanka:sunanka /home/sunanka. In daga filashin Linux ka tayar da kwamfutar don yin gyaran, ka yi amfani da lamba maimakon suna, domin manhajar filashin ba ta san ka ba. Lambarka tana cikin /etc/passwd na sabon faifan, kuma a Ubuntu da Debian da Fedora mutum na farko 1000 ake ba shi.

Sai tsakar gida, wato /tmp, inda kowace manhaja ke ajiye abin wucin gadi. Izininta na musamman ne, 1777: kowa na iya rubutawa, amma ba mai goge na wani. Masu kwafi sukan tsallake ta da gangan don ba ta da kaya mai amfani, sannan su ƙirƙiri sabuwa da hannu, ita kuma ta fito da izinin da root kaɗai ke iya rubutu. Umarnin chmod 1777 /tmp a matsayin root ya isa.

Akwai wata alama da ta fi waɗannan nauyi. Wasu manhajoji kamar sudo da su da passwd suna ɗauke da wani ɗan tambari mai suna setuid, dabarar Dennis Ritchie ce wadda aka yi mata rajistar mallakar fasaha a Amurka a 1979. Tana ba manhaja damar aiki da ikon mai ita ko da talaka ne ya kira ta. Kwafin da bai kiyaye izini ba yana zubar da wannan tambari. Sai ka shiga ta baƙin allo, ka kira sudo don ka gyara foldarka, ita ma ta ce ba ta da iko. A wasu tsare-tsaren ma za ka iya shiga da farko, amma da allo ya kulle kansa sai ya ƙi buɗewa, domin ɗan aiken da ke leƙa /etc/shadow, inda ake ajiye sawun kalmomin sirri, ya rasa izininsa.

In ka ga wannan alama, shawarata ka daina faci. Ɓarnar ba a fayil ɗaya take ba, ta bazu cikin dubban fayiloli, kuma wasu ba za su nuna kansu ba sai bayan watanni, ranar da firinta ta ƙi aiki ko sabuntawa ta tsaya a rabi. Ka dawo da tsohon faifai, ka tayar da kwamfutar daga filashi, ka sake kwafin da rsync -aAXH ko cp -a, waɗanda ke tafiya da mallaka da izini gaba ɗaya. Aikin 'yan sa'o'i ne. Abin da nake roƙon ka kada ka yi shi ne chmod -R 777 a kan komai, ko da wani ya ce maka ya yi masa aiki. Yana buɗe kowace ƙofa ga kowa, sannan sudo da SSH sukan ƙi aiki da fayilolin da aka saki haka.

Masu Fedora da dangin Red Hat suna da ƙarin mai tsaro, SELinux, wanda ke manna wa kowane fayil tasa alamar. In alamun sun zube a hanya, zai hana shiga ko da komai daidai yake. Ƙirƙiri fayil maras komai mai suna .autorelabel a tushen sabon faifan ka sake kunnawa, za ta ɗauki lokaci tana sake manna alamun da kanta.

Windows: lambar PIN da mabuɗin BitLocker

A Windows 10 da 11 mutane da yawa ba kalmar sirri suke rubutawa ba, PIN ne, kuma sun daɗe da manta cewa abu biyu ne. PIN a ɗaure yake da kwamfuta guda, yawanci ta hanyar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM da ke jikin allon uwa, wanda Windows 11 ta wajabta tun fitowarta a 2021. In faifai kawai aka sauya a kwamfuta ɗaya, galibi PIN na ci gaba da aiki. In kuwa an kai faifan wata kwamfutar, ko mai gyara ya share TPM yana taɓa saitin BIOS, sai ta ce PIN ɗinka ba ya samuwa. Danna Sign-in options ka zaɓi kalmar sirri. In asusun Microsoft ne kuma ka manta kalmar, ka sabunta ta ta wayarka, sannan ka haɗa kwamfutar da intanet daga nan fuskar shiga, in ba haka ba tsohuwar kalmar kawai ta sani.

BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ya fi wannan tsanani. Shuɗin allo ne ke tarbar ka tun kafin a kai ga sunanka, yana neman mabuɗi mai lamba 48. Kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Mabuɗin yana ajiye a cikin asusun da aka fara shiga da shi. A nan ne masu sayen kwamfutar hannu da waɗanda aka saita wa a shago ke shiga uku, domin asusun na iya zama na mai shagon ko na wani ma'aikaci a wata ƙasa. Babu mabuɗi, babu shiga, ko kamfanin Microsoft ba zai iya buɗe maka ba. In tsohon faifan na tashi a kwamfutarsa ta asali, mayar da shi, ka kwafi mabuɗin a takarda, ka kashe BitLocker, sannan a sake kulonin.

Lokacin da C ya zama wani harafi

Windows tana riƙe da jerin faifai da harafin kowannensu a cikin rajistarta, a wani wuri mai suna MountedDevices. A jerin da aka kwafo, tsohon faifan ne C, sabon kuwa tun yana jone ana kwafi an riga an ba shi wani harafi, a ce E. In aka tayar da sabon a karon farko alhali tsohon na ciki, tana iya ci gaba da kiran kanta E tana neman kayanta a C. Muddin tsohon na nan komai kamar lafiya. Ranar da aka cire shi ko aka goge shi, sai ka rubuta kalmar sirri ka tarar da baƙin allo da kibiyar linzami kaɗai, ko ta shigar da kai ta fitar nan take.

Mai gyaran da ya san aikinsa zai tayar da kwamfutar daga filashin Windows, ya buɗe rajistar sabon faifan, ya goge jerin harufan domin ta sake rabawa. Ga wanda bai saba da rajista ba, sake kulonin ya fi aminci, da sharaɗin a kashe kwamfutar da zarar an gama, a cire tsohon, a tayar da sabon shi kaɗai.

An shiga, amma babu komai

Wannan ce ta fi tayar da hankali, ita ce kuma mafi sauƙin illa. Windows ta kasa karanta NTUSER.DAT, fayil ɗin da ke ɗauke da saituttukanka, sai ta ba ka asusun wucin gadi. Buɗe C:\Users ka shiga foldar sunanka, za ka ga takardunka da hotunanka suna nan. Kada ka ajiye sabon aiki a wannan fuska, domin ana share ta da zarar ka fita. Sake kunna kwamfutar sau biyu ko uku, wani lokaci hakan kawai ya isa. In ta dage, a duba ProfileList a cikin rajista, inda za a ga lambar asusunka sau biyu, ɗaya da .bak a ƙarshe, kuma mai .bak ɗin ce ta gaskiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe sabon asusu a kwashe kayanka ciki.

Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa fayil ɗin ya lalace. Mutane da yawa ba sa sauya faifai sai tsohon ya fara ciwo, yana ƙara, yana sanƙarewa. Irin wannan faifai yana da gurabun da ba sa karantuwa, kuma wasu manhajojin kulonin in an umarce su sukan tsallake gurabun su ci gaba. Fayil ɗin da ya faɗo a kan gurbin ya iso da rami. In haka ne, ba NTUSER.DAT kaɗai ya kamata ka yi zargi ba, kuma maimaita kulonin sau da yawa yana ƙara gajiyar da faifan da ke gab da mutuwa. Yadda ake gane faifai mai ciwo tun kafin ya kwanta, ta hanyar bayanan SMART da yake tarawa game da kansa, da yadda ake ceto kaya daga cikinsa da manhaja irin ddrescue, shi ne abin da za mu ɗauka a babi na takwas.